Kusan kowa ya fito "matsakaici": yaya ake auna gajiyar tausayi a wurin ma'aikatan jinya?

Rukayya: Assalamu alaikum, iyaye da yayye. Ina neman taimako kan binciken kammala karatuna. Aikin a kan gajiyar tausayi ne a tsakanin ma'aikatan jinya, kuma malamin da ke duba aikin ya ce in yi amfani da takardar tambayoyin da ake kira ProQOL, bugu na biyar. Na raba takardun, an cike, na haɗa maki yadda aka tsara. Sai ga shi kusan kowa ya faɗa aji na tsakiya. Nas ɗin ɗakin gaggawa, ta ɗakin haihuwa, har wadda ke sashen da ake ganin likita a koma gida, duk matsakaici. Alhali na ga waɗanda suka cike takardar da idona, wasu sallama ma da ƙyar suke amsawa. Tambayata biyu ce. Zan iya haɗa makin ƙosawa da aiki da na firgici, waɗanda takardar ke fitarwa daban-daban, in fitar da lamba ɗaya? Sannan daga maki nawa zan ce mutum yana da gajiyar tausayi? So nake in rubuta cewa kashi kaza cikin ɗari suna da ita.

Kabiru: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ni ma da kin ba ni matsakaici zan fito. Wa zai rubuta da hannunsa cewa ya gaji da majinyata, takarda ta je ta faɗa hannun manya?

Malam Nasiru: Wa alaikumus salam, Rukayya. Amsar ta farko gajeriya ce: kada ki haɗa. Tambayoyi 30 ne a takardar, amma ma'auni uku ne a ciki, kowanne da tambaya 10. Akwai gamsuwar da mutum ke samu wajen taimakon mutane, akwai ƙosawa da aiki, sai kuma firgicin da mai jinya ke kwasowa daga masifar da ta faɗa wa wani. Beth Hudnall Stamm, wadda ta tsara takardar, ta ɗauki gajiyar tausayi a matsayin abu mai reshe biyu, wato ƙosawa da firgici, kuma littafin jagoran da ta fitar a 2010 ya bar kowane reshe da nasa makin. In kin haɗa su, wanda aiki ya yi wa yawa amma yana barcinsa lafiya, da wanda aikinsa da sauƙi amma fuskar yaron da ya rasu a hannunsa ta hana shi runtsawa, za su iya fitowa da lamba ɗaya. Kuma abin da kowannensu ke buƙata daban ne.

Ta biyun ce mai tsawo. Ana amsa kowace tambaya daga 1 zuwa 5, saboda haka kowane ma'auni daga 10 yake tashi ya tsaya a 50. Takardar haɗa maki ta ce 22 zuwa ƙasa kaɗan ne, 23 zuwa 41 matsakaici, 42 zuwa sama mai yawa. Ki ƙirga da kanki. Daga 10 zuwa 50 lambobi 41 ne, ajin tsakiya shi kaɗai ya kwashe 19. Kafin mutum ya kai 42 sai kusan kowace amsa tasa ta zama 4 ko 5. To ina mamaki don mutanenki sun taru a tsakiya? Faɗin ajin ne ya haɗiye su. Nas mai 24 da mai 40 sunansu ɗaya a takarda, amma ki zauna da su minti goma ki ji. Shawarata ki fitar da matsakaicin maki na kowane sashe, wato jimillar makinsu a raba da yawansu, da yadda makin ya bazu, ki kwatanta sashe da sashe.

Sannan jagoran ya faɗa ƙarara cewa ba takardar gano ciwo ba ce. Babu makin da zai ba ki damar cewa wance "tana da ita".

Rukayya: Na gode, Malam, Allah ya ƙara ilimi. Amma na karanta bincike da yawa da ke cewa kashi kaza na nas suna fama da ita. Su ina suka samo?

Malam Nasiru: Kowa da inda ya ja layinsa. Wasu sun bi 42 ɗin nan. Wasu sun haɗa matsakaici da mai yawa suka ce duk suna da ita, sai ki ga lamba mai ban tsoro. Wasu kuma sun bi ɗaya hanyar da ke cikin jagoran, inda ake mayar da maki ya zama tsakiyarsa 50, a ja layi a 43 da 57. Wannan layin an ɗora shi ne a kan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasa da na sama. In kin yi wannan lissafin da mutanen da kika tambaya kawai, kusan kashi 25 cikin ɗari za su fito a sama ko da a asibitin da ya fi kowanne daɗin aiki ne, domin da junansu kika auna su. Ga kuma masu tsohon bugu, wanda amsarsa daga 0 take farawa. Shi ya sa in na ga an jera kashi na wannan ƙasa da na waccan, abin da nake fara nema shi ne wane bugu, wane layi.

Sista Maryam: Ku yi haƙuri zan shigo da zafi. Ni wannan sunan ma ban yarda da shi ba. Tausayina bai gaji ba, ƙafafuna ne suka gaji. Ki ba ni gado huɗu ki ga ko ba zan zauna da tsohuwa in riƙe hannunta ba. Ki ba ni talatin ni kaɗai cikin dare, ruwan wannan ya ƙare, wancan numfashinsa na sama, ’yan uwan na uku sun tsaya a kaina, sannan ki zo da takarda kina tambayata ko har yanzu ina jin daɗin taimako. A wani wuri da na yi aiki an taɓa raba mana irin wannan, har da gurbin suna. Abin da ya biyo baya lacca ce kan juriya, kuma aka sa ta ranar hutunmu. Ba a ƙara mana ko mutum ɗaya ba. Tun daga nan in na ga takardar tambayoyi sai in ji kamar ana tara hujja ne cewa matsalar a jikinmu take.

Kabiru: Laccar nan ta juriya, Sista, mu ma mun sha ta. Har da koyar da numfashi.

Matiron Binta: Maryam, na ji ki, kuma ban ce ƙarya kika yi ba. Amma ki zo ki zauna a kujerata wata guda. In na shiga wurin hukumar asibiti na ce yarana sun gaji, ce mini ake yi kowa ma ya gaji. In na shiga da takarda mai lamba, sashe kaza ya fi sashe kaza da maki kaza, ga kuma yawan hutun rashin lafiya da suka ɗauka, sai a gyara zama. Waɗannan mutane lamba suke ji. Kar ku raina abin da Rukayya ke yi.

Ni dai a zamaninmu ba mu da wannan takarda, ido muke sawa. Yarinya ta zo aiki tana kiran kowane majinyaci da sunansa, bayan an kwana biyu sai ki ji ta koma cewa gado shida, gado tara. Ta daina haɗa ido da masu jinya. Ana kiranta tana ji, sai ta ƙarasa rubutun da ba na gaggawa ba tukuna. Sai yawan ciwon kai ranar da take da aikin dare, sai takardar neman canjin sashe. Kafin ta kai nan na riga na sani.

Sista Maryam: Ranki ya daɗe, to in kin riga kin sani, takardar ta mece ce?

Matiron Binta: Ta waɗanda ba su yarda da idona ba ce.

Dakta Auwal: Ni ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa nake, bari in sa baki. Abin da Sista Maryam ta faɗa ba fushi ba ne kawai, masana ma sun daɗe suna wannan gardamar.

A aikin jinya aka fara jin sunan. Carla Joinson ce ta rubuta a kai a 1992, a wata mujallar ma'aikatan jinya, tana bayanin nas da suka rasa kuzarin kula da mutane. Sai Charles Figley, masanin raunin zuciya bayan masifa, ya ɗauke shi a 1995 ya ɗora a kan wani abu takamaimai: alamomin firgici da ke kama mai taimako saboda yawan gani da jin abin da ya sami wasu. Daga gwajin da ya tsara ne ProQOL ta samo asali. Shi ya sa in kun duba tambayoyin reshen firgici za ku ga na razana ne in an ji ƙara ba zato, da tunani mai ban tsoro da ke faɗo wa mutum, da guje wa abin da ke tuna masa, da manta wani ɓangare na abin da ya faru. Babu inda aka auna tausayin kansa, ko ya ragu ko bai ragu ba. Shane Sinclair da abokan aikinsa a Kanada sun yi bitar rubuce-rubucen fannin a 2017, kuma wannan na cikin manyan ƙorafinsu. Tania Singer da Olga Klimecki kuma, daga binciken ƙwaƙwalwa, sun ce abin da ke gajiyar da mutum shi ne ɗaukar zafin wani ya zama nasa. Son sauƙaƙa wa wani wahala kuwa, a gwajin da suka yi, horar da mutane a kansa ƙara musu natsuwa ya yi.

Akwai kuma abu na uku da takardar ba ta kama sosai, wanda Andrew Jameton ya bayyana tun 1984: ƙuncin wanda ya san abin da ya dace a yi wa majinyaci amma aka hana shi, ko don babu kayan aiki, ko don doka, ko don na sama ya ƙi. Nas ɗin da ta san iskar numfashi ce za ta ceci mutum kuma babu, abin da ke cinta daban ne da na wadda ta ga haɗarin mota ya hana ta barci.

Maganar yawan gado kuwa tana da hujja mai ƙarfi. Linda Aiken da abokan aikinta sun buga bincike a 2002 kan asibitoci 168 a jihar Pennsylvania ta Amurka, da nas sama da 10,000. Duk ƙarin majinyaci ɗaya a kan nas guda ya zo da ƙarin kashi 23 cikin ɗari na yiwuwar ƙosawa da aiki, da ƙarin kashi 7 na yiwuwar majinyacin tiyata ya rasu cikin kwana 30. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya da ta sa ƙosawa a kundinta na rarraba cututtuka, ICD-11, a 2019, cewa ta yi lamari ne na wurin aiki, ba ta lissafa shi cikin cututtuka ba.

Sista Maryam: Allah ya saka, Dakta. Ashe ba ni kaɗai ba ce.

Anti Lami: Ba ke kaɗai ba ce, ’yata, amma kar a tafi da maganar gefe guda. Ni na daɗe a sashen masu ciwon daji, kuma akwai lokacin da muke da isassun hannu, ba wanda zai ce aiki ya yi mana yawa. Duk da haka na ga abin ya kama mutane. Majinyacinmu ba ya zuwa yau ya tafi gobe. Wata da watanni yana dawowa, kin san sunan ’ya’yansa, kin san wadda za a aurar, kin ga jikin yana raguwa a gabanki. Ranar da ya cika ki gyara gadon, kafin la'asar an kawo wani. Ba ki da inda za ki kai wannan. A gida in kin fara ba da labari ce miki za a yi ki bari ana cin abinci. Akwai wata ƙanwarmu, ƙwararriya ce ta gaske, da ta kai in an kawo mace mai shekarun mahaifiyarta sai ta nemi a musanya mata. Wannan ko an ninka ma'aikata ba zai tafi ba. Don haka ni ina ganin amfanin raba makin nan biyu da Malam ya ce. Sashen Maryam zai fito da ƙosawa a sama, nawa zai iya fitowa da ɗayan, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Dakta Auwal: Haka ne, Anti. Takardar nan kamar ma'aunin zafi ce: zai ce miki akwai zazzaɓi, ba zai ce miki maleriya ce ko taifot ba. Kuma abin da kika ce na rashin wurin kai magana, shi ne dalilin zaman da ake kira Schwartz Rounds, wanda ya faro daga Boston bayan rasuwar Kenneth Schwartz a 1995, daga baya asibitocin Ingila da yawa suka ɗauka. Ma'aikata ne ke zama su yi maganar yadda aikin ya taɓa su, ba maganar magani ba.

Kabiru: Ni akwai abin da ya tsaya mini tun da na taɓa cike takardar nan. A cikin tambayoyin ƙosawa akwai mai tambaya ko kana cikin farin ciki, akwai ko kana da imanin da ke riƙe ka, akwai ko kai mutum ne mai kula da mutane. Malam, wa za ka tambaya ko imaninsa na riƙe shi ya ce maka a'a? Ko gawa nake ɗauka tun safe, in ka tambaye ni lafiya, alhamdulillahi zan ce.

Malam Nasiru: Kabiru, ka taɓo inda ya fi damuna. Biyar daga cikin tambayoyi goma na ƙosawa irin waɗannan ne, ta 1, ta 4, ta 15, ta 17 da ta 29, kuma juya makinsu ake yi: wanda ya amsa 5 sai a rubuta masa 1. Rukayya, ki koma ki tabbata kin juya su, don nan ne ɗalibai suka fi zamewa.

Yanzu ku yi wannan lissafin tare da ni. A ce nas ta amsa waɗannan biyar da 5, tana farin ciki, tana da imani, tana da kusanci da mutane. Bayan juyawa ta sami 5. Sauran biyar ɗin su ne na ainihin wahala: jin an makale a aikin, jin an ragargaje, jin majinyata ba sa ƙarewa, jin tsarin wurin ya ɗaure mutum, da rashin barcin da ke rage ƙwazo. A ce duk ta amsa su da 5, iyakar abin da ake iya amsawa ke nan. Ta sami 25. Jimilla 30. Matsakaici. Wato mai irin wannan amsa ko ta faɗi a bakin aiki ba za ta taɓa kaiwa 42 ba, lissafin ne bai ba da hanya ba.

Rukayya: Innalillahi. Malam, na juya su, amma wallahi haka takarduna suke. Tambayar imani kusan kowa 5 ya ba ta.

Malam Sani: To amma a tsaya. Me ya sa za a ɗauki wannan a matsayin kuskuren takarda? Wataƙila gaskiya ce take faɗa. Mutumin da ya ɗauki aikinsa ibada, yake sa ran lada, ba daidai yake da wanda albashi kawai ya kawo shi ba. In imani ya sauke makinsa, ai don ya sauke masa nauyin ne.

Dakta Auwal: Zai iya zama haka, Malam Sani, kuma na ga waɗanda hakan ya riƙe su da gaske. Na kuma ga masu imani mai ƙarfi da suka zo wurina ba sa barci, suna jin kunyar faɗa don kada a ce tawakkalinsu ne ya yi rauni. Lamba 30 ɗin nan ba za ta bambance mini su ba.

Malam Sani: Wannan kuma gaskiya ne. Amma kar a rubuta a binciken kamar imanin ne ya ɓata lissafi.

Malam Nasiru: Ba za a rubuta haka ba. Abin da za ta yi shi ne ta kawo makin yadda aka tsara, sannan ta ƙara jadawali guda da ke nuna biyar ɗin can daban, biyar ɗin nan daban, mai karatu ya gani da idonsa. Ba mu ne farkon masu ƙorafi kan wannan reshe ba. A jagoran kansa shi ne mafi rauni wajen daidaituwar tambayoyinsa da juna, kuma a 2018 wasu masu bincike a Ostareliya, Heritage da Rees da Hegney, sun gwada takardar a kan ma'aikatan jinya suka rage ta zuwa tambayoyi 21. Sai dai ke Rukayya kar ki cire ko ɗaya da kanki. Sharaɗin amfani da ita kyauta shi ne a ambaci mai ita, kada a sauya, kada a sayar.

Rukayya: To ko in canza takarda gaba ɗaya? Wata ƙawata da wata takardar da ake kira MBI ta yi amfani.

Malam Nasiru: Kin riga kin tara bayanai, ki riƙe abinki. MBI ta Christina Maslach da Susan Jackson ce, tun 1981, tambaya 22, kuma ƙosawa kawai take aunawa. Abin da nake so a cikinta shi ne tana da reshe na musamman kan daina ganin majinyaci a matsayin mutum, wato gado shida da gado tara da Matiron ta ambata. Amma sayenta ake yi. Akwai kuma takardar auna ƙosawa ta Copenhagen, mai tambaya 19, ta 2005, ita kyauta ce. In firgici kaɗai ake nema akwai ta Brian Bride da abokansa ta 2004, tambaya 17, ita kwana bakwai da suka wuce take tambaya, ProQOL kuwa kwana 30. Wannan bambancin ba ƙarami ba ne ga mai aikin karɓa-karɓa, don makon dare da makon safe ba ɗaya ba ne.

Sista Maryam: Tunda an zo nan, Rukayya, yaushe kika raba takardun, kuma wa ya karɓa?

Rukayya: Da safe, Anti, wajen miƙa aiki. Na bar wasu a wurin shugabar kowane sashe ta ba waɗanda ba su nan, ta tattara mini.

Sista Maryam: To kin ji. Wadda ta fi kowa gajiya tana gida da takardar hutun rashin lafiya, ko ta nemi canji, ko ta bar aikin ma gaba ɗaya. Wadda ta kwana a tsaye kuma so take ta miƙa ta tafi, za ta yi miki 3, 3, 3 har ƙasa. Sauran kuma sun san shugabarsu za ta riƙe takardar a hannunta kafin ta iso gare ki. Waɗanda suka rage da ƙarfinsu kika auna, su ma a gaban mai ba su duti.

Malam Nasiru: Wannan ya shiga babin iyakokin bincike, da kalmomin Sista in da hali. Ki rubuta nawa kika raba, nawa suka dawo, ta hannun wa. Wanda zai yi a gaba ya sa ambulan da akwati mai kulle.

Matiron Binta: A nan ne zan saɓa da ku kaɗan. Kuna ta cewa a ɓoye suna. Na yarda, a bincike. Amma ni amanar majinyata ke wuyana. In akwai yarinyar da makinta ya nuna tana gab da faɗuwa, ita ce kuma ke riƙe da maganin da in an yi kuskuren awo mutum zai tafi, ku ce kada in sani?

Dakta Auwal: Hajiya, haƙƙinki ne ki san wadda ba ta iya aiki lafiya. Amma ta wannan takardar ba za ki sani ba. Ranar da aka gane cewa maki na kaiwa teburinki da suna, daga ranar kowa zai koma mai farin ciki, kin rasa sunan kin kuma rasa lambar sashen da kike shiga da ita wurin hukuma. Kuskuren magani, makara, yawan hutu, waɗannan suna rubuce a wurinki da suna tun asali, ga kuma idonki da kika ce ba ya kuskure. Abin da nake ba da shawara shi ne a ba duk wadda ta cike takardar hanyar haɗa makinta da kanta, da bayanin inda za ta je in abin ya dame ta, wurin da ba ofishin shugabarta ba. In kuma akwai mai tunanin cutar da kanta, ko baƙin cikin da ya wuce mako biyu ba ya ɗagawa, wannan ya wuce maganar takarda, a kawo ta a duba ta.

Matiron Binta: Ba duka za su zo da ƙafarsu ba, Dakta. Waɗanda suka fi buƙata su ne ba sa zuwa.

Dakta Auwal: Gaskiya ne. Ban da amsar da ta rufe wannan.

Sista Maryam: Za su zo wurin shugabar da ta taɓa ba wata hutu ba tare da ta yi mata gori ba. Ba da ke nake ba, ranki ya daɗe.

Matiron Binta: Ko da ni kike, na ji.

Anti Lami: Wani abu kan ɓoye suna, Rukayya. Cire suna kaɗai bai isa ba. In kin rubuta sashe, da shekaru, da matsayi, da jinsi, a sashen da namiji ɗaya ne kowa ya san makin wa ake karantawa. Ƙananan sassa ki haɗe su, ko ki bar wasu bayanan.

Kabiru: Mu maza a ɗakin yara an gama da mu ke nan.

Rukayya: Na rubuta duka. Ba zan haɗa maki ba, zan kawo matsakaicin maki da bazuwarsa na kowane sashe, zan raba biyar-biyar ɗin a jadawali, zan faɗi yadda aka tattara. Saura abu ɗaya. Malamin nawa ya riga ya ce yana son ganin kashi cikin ɗari a babi na huɗu, kuma ba na jin zai sauka.

Malam Nasiru: Ki ba shi, ba abin faɗa ba ne. Ki rubuta kashi nawa suka faɗa kowane aji a kowane ma'auni, ki sa lambobin layin a ƙarƙashin jadawalin, kuma ki ce "sun sami maki mai yawa a ƙosawa", kar ki ce "suna da gajiyar tausayi". Ki kiyayi cewa wani abu ne ya jawo wani, don sau ɗaya kika auna. In hukumar da ta ba ki izini ta yarda, ki ƙara shafi guda: majinyata nawa ke kan nas ɗaya a kowane sashe cikin watan da kika raba takardun. Ki ajiye shi kusa da makin ƙosawa. Ko bambancin bai kai wanda lissafi zai tabbatar ba saboda mutanenki kaɗan ne, wanda zai ɗora a kan aikinki ya sami wurin farawa.

Sista Maryam: Kuma wajen wannan ƙirgar kar ki ɗauka daga jadawalin duti da ke manne a bango, can kowa yana nan. Ki nemi littafin rahoton sashe, ki ƙirga waɗanda suka zo da gaske. Ki cire ɗalibai, ki cire shugabar sashe in ba ta ɗaukar gado, sannan ki yi na safe daban, na rana daban, na dare daban.

Matiron Binta: Littafin rahoto ba a ba ɗalibi haka kawai, akwai sunayen majinyata a ciki. Ki rubuto takarda ta hannun makarantarku, ki ce adadi kawai kike so, a sa wani ya fitar miki.